Ranar da Kaka Ta Rufe Rediyonta

Masu karatu, ku gyara zama. Kun cika mini waya da tambaya ɗaya: wai me na gani a jikin Mai Murya? Wata ma cewa ta yi, in ba asiri ba, ta yaya mai aikin gyara wa mutane gani za ta kasa ganin abin da ke gabanta? Na yi dariya. Yau za ku sami amsa, amma daga kunnen Kakata za ta fito.

Ga waɗanda yau suka fara biyo mu, ni ce Auta a gidanmu. A shagon tabarau nake aiki. Likita ya auna ido ya rubuta, ni kuma in zaɓa wa mutum firam, in ɗumama hannayensa in lanƙwasa su daidai bayan kunne, in ɗaure 'yan sukurorin nan da in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai a yi masa addu'a. A nan na fara ganin Mai Murya. Ya shigo riƙe da tabarau ya rabe gida biyu, ya ce zama ya yi a kai. Gajere ne, rigarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido. Amma da ya buɗe baki ya yi sallama, sai da na leƙa bayansa ina neman ƙaton da ya yi maganar.

Duk firam ɗin da na ɗora masa, sai ya dubi madubi ya ce, "To." Na sa masa mai faɗi, to. Na sa masa siriri, to. Don neman magana na ɗauko na mata, ja, mai 'yan duwatsu a gefe, na maƙala masa. Ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya ce idan ni na ga ya yi masa, to. A lokacin dariya abin ya ba ni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sana'arsa wasan kwaikwayo a gidan rediyo. Shi ne Dogo a wasan da ake sawa bayan la'asar. Dogo direba ne. Ba mugu ba ne can cikin ransa, amma maigidansa ya mayar da shi raƙumi da akala. An sa shi ƙarya, ya yi. An sa shi shaidar zur a kan ƙanin matarsa, ya yi, ya koma cikin mota ya kifa kai a kan sitiyari yana kuka. Mai rubuta wasan, mai kuma tsayawa a kan ɗaukarsa, yayan Mai Murya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya fara tsayar da shi a gaban makirfo.

Kaka kuwa ita ta haifi Baba. Idonta ya tafi tun ina firamare, kuma babu tabaran da zai dawo da shi, na tambayi likitanmu har ya gaji da ni. Ɗakinta ne na farko in ka shigo gidan. Gadon ƙarfe, darduma, kwandon magunguna, kwalbar man zafi, sai rediyo a bakin taga, baƙi, an ɗaure murfin batirinsa da tsumma. Da kunne take mulkin gidan nan. Ta san takun kowa. Ta san ranar da Mama ta ajiye murfin tukunya da fushi. Ta san ranar da na sayi sabon takalmi ban kawo ta shafa ba.

Ranar da Mai Murya ya fara zuwa gaishe ta, ko zama bai kai ga yi ba. Sallama kawai ya yi daga bakin ƙofa. Kaka ta ɗaga kai, ta laluba sandarta.

"Dogo? Kai ne har cikin ɗakina, bayan abin da ka yi wa ƙanin matarka?"

Mama ta gudu kicin tana toshe baki da gefen mayafi. Ni na tsaya ina rantsuwa wasa ne. Kaka ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce, tun kafin a haifi ubana take sauraron rediyo. Amma dai ya zauna can nesa da jakarta.

Daga nan suka ƙulle. Duk ranar da ba shi da aiki yana ɗakin. Ya canja mata batir, ya karanta mata takardar magani da muryar mai karanta labaran duniya, har ta yi dariya ta ƙware. Ta koma kiransa saurayinta, ni kuma 'yar rakiya. In na yi kwalliya na shigo, sai ta ce wannan turaren duk na wane ne, ai mai saurayin ga ta a zaune.

Musunsu ɗaya ne kullum, kuma ya ja gidan gaba ɗaya: shin Dogo zai tuba? Kaka ta ce zai tuba, mutumin da yake kuka bayan ya yi laifi da sauran ruwa a rijiyarsa. Baba, daga bakin ƙofa da kofin shayinsa, ya ce kuka daban tuba daban, wanda ya saba da akala ko an kwance shi tsayawa zai yi jiran mai ja. Mama ta ce a kashe shi kowa ya huta, matar ta sami na kirki. In aka juyo kan Mai Murya, sai ya yi murmushi ya ce ba shi yake rubutawa ba, abin da aka miƙo masa shi yake faɗa.

Duk surutun Kaka, a kan wannan amsar shiru take yi. Na lura da hakan.

Na kuma lura da wayarsa. In ta yi ƙara ya ga yayansa ne, miƙewa tsaye yake yi, kamar ana ganinsa ta ciki. "To, Yaya. To. To, in Allah ya so." Maganar turo manyansa gidanmu an sa ta an ɗaga har na daina tambaya. Yaya ya ce a bari a gama ɗaukar wannan zangon. To.

Wata rana ana yayyafi, an ɗauke wuta, ina zaune a ƙasa ina yanke wa Kaka farce, shi yana kan kujerar roba. Ban san me ya taɓo ta ba. Sai ta kama labarin Kakanmu namiji, mai gyaran agogo, Allah ya jiƙansa. Ta ce da idonta ya fara dushewa ɓoyewa ta yi. Tana zuba shayi a gefen kofi tana cewa kofin ne ya goce. Tana gaishe da labule tana cewa wasa take yi. Ranar da ya kama ta, ta fashe da kuka, ta ce shi ke nan ta zama kaya. Ya cire gilashin nan na masu agogo daga idonsa, ya ajiye a kan tebur, ya ce da ita:

"Gida ɗaya, ido biyu sun ishe shi. Ni in gani mana, ke ki ji mana."

Kuma ya cika. Kullum ya dawo sai ya zauna ya ba ta duniya: wane ya yi ƙiba, wance ta sa zanen da bai karɓe ta ba, bishiyar ƙofar gida ta yi fure. Ita kuma ta faɗa masa wanda ya yi masa ƙarya a cikin masu kawo gyara, don ta ji a muryarsa. Haka har ya koma ga Mahaliccinsa. Ta ce ko Baba bai san wannan maganar ba.

Mai Murya ya cire tabaransa ya goge da gefen riga. Abin da na fi tsana ke nan, yana karce gilashi. Ranar ban yi masa faɗa ba.

Aka kwana biyu. Wata yamma na taso aiki da wuri, ko doguwar rigar shagon ban cire ba, na zauna gefen gadon Kaka ina warware ɗankwali, wasan yana ci. Matar Dogo ta fara zarginsa. Ta ɗauki mayafi za ta je ta gane wa idonta inda aka tsare ƙaninta. Maigidan Dogo ya riga ya gargaɗe shi, kada ya kuskura ya bar ta ta fita. Sai muka ji ya tare ƙofa. Ya kwantar da murya, muryar nan da take sa ni mantuwa da abin da zan ce.

"Haba, ke kuwa. Gida ɗaya, ido biyu sun ishe shi. Ni in gani mana, ke ki ji mana."

Matar ta ajiye mayafi. Aka sako kiɗa.

Kaka ta miƙa hannu ta murɗa rediyon. Ƙit. Ni tun da na yi wayo ban taɓa jin an kashe shi ba, sai dai batir ya mutu da kansa. Ta laluba tawul ɗin da ke kan filo, ta lulluɓe shi, ta gyara gefe da gefe. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Auta, turo mini tagar nan. Iska."

Babu wata iska ranar.

Kafin in kai ɗakina wayata ta fara haske. Ban ɗaga ba. Saƙonni suka biyo baya.

"Auta, don Allah ki ɗaga."

"Wallahi ba da nufi ba ne. Labarin ne ya taɓa ni, na ba Yaya muna cikin mota."

"Sai ranar ɗauka na gan shi a takarda. Kowa yana tsaye yana jirana. Yaya ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi."

Na rubuta masa: "Sai ka ce me?"

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Ya tsaya.

"Na ce to."

"Ba ni ka yi wa ba. Kada ka ba ni haƙuri." Na kife wayar a kan katifa.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma maganar ta yi farin jini. Kafin mako ya zagayo ta shiga gari. Kwandasta yana faɗa wa direbansa. 'Yan mata suna sa ta a ƙarƙashin hotunansu. Ranar da ta ƙure ni, wani mutum ne ya zo da matarsa shago. Likita ya rubuta wa kowannensu tabarau. Ya zaɓi nasa mai kyau, da aka zo kan na matar sai ya kashe mini ido ya ce a bar nata tukuna, ai gida ɗaya ido biyu sun ishe shi. Shagon ya ɗauki dariya, har da matar. Na ce su ba ni minti ɗaya, na shige ɗakin baya, na tsaya a gaban injin yankan gilashi ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa.

Na faɗa wa Mama, Mama ta faɗa wa Baba. Baba ba ya ɗaga murya. Ya ajiye kofi, ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin uwarsa. Ina jin abu biyu ne suka haɗu masa: an taɓa tsohuwarsa, kuma maganar ubansa sai a bakin kwandasta ya fara jinta. Ya ce in faɗa wa yaron nan kada ya ƙara ganin takalminsa a ƙofar gidan nan. Na tura masa saƙon yadda aka faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, kamar jira take yi. Sai ga ta da jaka da turare, da hoton ɗan ƙawarta a waya. Mai kantin magani ne, yana da hankali, kuma shi dogo ne na gaske, ba na rediyo ba. Ta turo mini hoton har sau nawa, ko da na farkon bai shiga ba. Na ce ma sha Allah. Kunnensa ɗaya ya fi ɗaya tudu, duk tabaran da aka sa masa karkacewa zai yi. Ban faɗa mata ba.

Kada in yi muku ƙarya, ban daina son Mai Murya ba. So ba rediyo ba ne da za a murɗa a lulluɓe da tawul. Amma na zauna na tambayi kaina abin da kuke tambayata. Mutumin da bai iya tare wa tsohuwa maganarta ba, ni da me zai tare mini? Ba mugu ba ne, na sani. Dogo ma ai ba mugu ba ne, ga ƙanin matarsa can a tsare.

Gida ba rediyo, sai kunnen Kaka ya rasa aikin yi ya dawo kanmu. Wa ya bar famfo yana ɗiga. Wa yake jan ƙafa kamar an aike shi inda ba ya so. Me ya sa Auta take juyi a katifa kamar kifi a tudu. Mama ta ce wa Baba cikin raɗa, don Allah a nemo wanda zai lallashe ta ta buɗe abin nan, kafin ta fara ƙirga numfashinmu. Kaka ta amsa daga ɗaki ta ce ta ji.

Sai wata yamma na shiga kai mata ruwa, na tarar ta juya kwanciya. Filon ya koma wajen bango, kunnenta manne da siminti. Ta bayan bangon nan rediyon maƙwabta ne, kuma lokacin wasan ne. Na yi gyaran murya. Ta ce bangon ne da sanyi, zafi take gudu. Na ce haka ne. Da na juya zan fita, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wai matar Dogon nan har yanzu ba ta gane shi ba?

Ranar da Mai Murya ya zo, ranar hutu ce. Baba yana ƙofar gida yana wanke mota, ni ina shanya a tsakar gida, daga ni sai rigar zaman gida da ta ƙoɗe da ɗankwalin Mama. Na hango shi ta ƙofa. Rigar ba guga. Tabaran ya karkace, an ɗaure hannunsa ɗaya da zare, wato ya gwammace ya yi yawo haka da ya zo shagonmu. Ƙafarsa ba komai. Takalman suna cikin leda, a hammatarsa.

Baba ya dubi ƙafar, ya dubi ledar. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya yi maza ya matse soso.

Muryar Kaka ta fito ta taga. Ta ce a bar shi ya shigo, tun daga kwanar layi ta ji takunsa, kuma wane mahaukaci ne yake yawo ba takalmi a kan tsakuwa.

Ya durƙusa a gaban gadon. Ni na tsaya jikin bango. Baba ya zo bakin ƙofa, kumfa a hannunsa. Mama tana bayansa da ludayi.

Bai kawo uzuri ba. Ya ce ya ɗauki abin da ba nasa ba ya ba da, kuma ba zai iya dawo da shi ba. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Yayansa ya ga yadda maganar ta karɓu, ya kira shi ya ce tsohuwar nan rijiya ce, ba a barin irinta. Wai ya koma ya ba ta haƙuri, su shirya, in ta saki jiki ta kama labari, ya bar wayarsa tana ɗauka a aljihu. Har kalmomin ban haƙurin an rubuta masa, an sa shi ya gwada a gaban makirfo, an nuna masa inda zai tsaya ya ja numfashi.

Kaka ta tambaye shi me ya ce wa yayan nasa. Ya ce bai ce komai ba, fitowa kawai ya yi.

"Shiru ai ƙanin to ne," in ji Kaka. "Ɗaki ɗaya suke kwana."

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma ni yanzu ta ina zan gane? Kai da kuka sana'arka ce. Ka yi wa matar Dogo murya ta ajiye mayafi. Wa ya sani ko wannan ma rubuto maka aka yi, har da cewa an rubuto maka?"

Baba ya gyaɗa kai. Mai Murya ya buɗe baki zai yi magana.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

Jikinsa ya riga shi. Har ya ɗaga gwiwa zai miƙe. Kaka ta ɗora masa kan sandarta a kafaɗa, daidai, kamar tana gani.

"Zauna. Buɗe ta kowa ya ji."

Ya danna, ya ajiye wayar a kan darduma. Muryar yayan ta cika ɗakin, murya mai sauri, ta wanda bai saba maimaita magana ba.

"Ka shiga ne ko kana waje? Ka kunna tun kafin ka yi sallama. Kuma kada ka fara da kukan, ka bari sai ta ambaci mijin."

Ludayin Mama ya bugi ƙofa. Ba wanda ya dube ta.

"Kana jina?"

"A'a, Yaya."

Ni kaina sai da na dubi bakinsa. Siririyar murya ce, a shaƙe, ta karye a tsakiya.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ba zan ɗauka ba. Wancan ma sata muka yi, da bakina."

Yayan bai yi faɗa ba. A hankali ya shiga lissafo masa wanda ya goya shi ranar jana'izar ubansu, wanda ya bar karatu don shi ya yi, wanda ya koya masa inda ake tsayawa a gaban makirfo. Duk gaskiya ne, na gani a fuskar Mai Murya, gumi har kan gilashinsa. Ya ce ya sani, kuma ba zai manta ba har ya mutu. Amma a'a.

"Ka san dai Dogo direba ne ko? Mota ba ta da wuyar faɗawa rami. Shafi ɗaya ne a wurina."

"Na sani, Yaya."



"To," in ji yayan, ya kashe.

Kumfar hannun Baba tana ɗiga a siminti. Kaka ta sauke sandar.

"Maimaita."

"Me, Kaka?"

"Abin da ka ce masa."

Ya ɗago kai. "A'a."

Ta karkatar da kai, ta auna ta kamar yadda mijinta yake kara agogo a kunne.

"Muryar nan ba daɗi. Kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Duk saurarona ban taɓa jinta a rediyo ba. Ita ce taka?"

"Ina jin ita ce."

"To ka riƙa amfani da ita, za ta saki."

Ba ta ce ta yafe ba, kada ku ce na ce. Cewa ta yi maganar mijinta ta riga ta shiga kasuwa, ba mai tsinto ta. Sai dai ta kwanta ta yi tunani, a cikin masu faɗinta don shaƙiyanci, ba mamaki a sami mutum ɗaya da zai faɗa wa matarsa da gaske. In an samu, mai agogo bai yi asara ba.

Baba ya ce shi dai yana nan a kan bakansa, a'a ɗaya ba ta zama tuba. Kaka ta ce rijiya ma da guga ɗaya ake gane da ruwa. Baba ya juya zai koma wajen motarsa, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ka ajiye takalman nan a bakin ƙofa kamar kowa."

Mama ta ce bari ta ɗora shayi, ta wuce tana share ido da bayan hannu, wai albasa.

Can sai Kaka ta zabura, kamar yanzu maganar ta iso ta.

"Tsaya. Wai rami ya ce zai jefa Dogo? Bai tuba ba?"

Mai Murya ya ce da alama.

Ta ce ba ta yarda ba. Ita da ta daɗe tana kare shi a gidan nan, ta sha gori a wajen ɗanta na cikinta, sai yanzu a tura shi lahira da shaidar zur a wuya? Ta fizge tawul daga kan rediyon, ta kakkaɓe, ta ce a duba mata batir. Aikin Mai Murya ya tafi, ƙila har da yayansa, amma Kaka ta Dogo take yi. Ya yi dariya, dariyar farko, hawaye na bin ta.

Na shiga ɗaki na ɗauko 'yar jakar aikina. Na zauna a gefen gadon, na miƙa hannu, ya cire tabaran ya ba ni. Na warware zaren, na sa sabon sukuru, na ɗaure, na lanƙwasa hannun da yatsa, na goge gilashin da ƙyallen da ya dace. Na maƙala masa da kaina. Idonsa ya yi ja, ya kasa tsayar da shi a kaina.

"Ya yi?"

Bakinsa har ya tattaru zai faɗi abin da ya saba. Ya tsaya. Ya taɓa bayan kunnensa.

"A'a. Yana matse ni ta hagu. Tun ranar farko yake matse ni."

Masu tambayata me na gani, ga shi nan. Na karɓa na gyara, ina cije leɓe kada Kaka ta ji murmushina. Ta ji. Ta ce 'yar rakiya a dai rage rawar kai.

Ana zuba shayi muka ji mota ta tsaya a bayan ta Baba. Aka buɗe ƙofa, aka rufe da ƙarfi. Sallama ta biyo baya, mai sauri, a muryar da ba a daɗe da jinta a kan darduma ba. Mai Murya ya ajiye kofinsa a kan faranti, amma bai miƙe ba.

Kaka ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗora sandarta a kan cinya.

"Auta, kawo kujera mai kyau. Mai alƙalamin ne ya zo da kansa. Yau zai faɗa mini wanda ya hana Dogo tuba."